Kwantsa da Shan Hantsi: Abin da Jerin Baƙin Kalmomin Turanci Ke Ɓoyewa

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin masu sha'awar Turanci, wai babu abin da Bature bai raɗa wa suna ba. Hujjarsu ba ta wuce jerin nan na baƙin kalmomi da ake ta turawa daga waya zuwa waya ba, kowace kalma da ma'anarta a layi ɗaya, sannan a rufe da cewa mai shakka ya je ya duba ƙamus. Akan duba ɗin, a kuma same su, shi ke nan gardama ta ƙare. Ni ma ina son waɗannan kalmomi, ina kuma tara su. Amma a ganina an ɗora wa ƙamus shaidar da bai bayar ba. Samun kalma a cikin ƙamus daban, rayuwarta a bakin mutane daban. Ƙamus na kirki da kansa yake bayyana wannan bambanci, masu jerin ne ke goge shi kafin su miƙo mana.

Cikin littattafan da aka rubuta a kan wannan farauta, wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Reading the OED na wani Ba'amurke mai suna Ammon Shea, wanda ya fito a 2008. Abin da mutumin nan ya yi sai mai taurin rai. Ya ɗauki babban ƙamus ɗin Oxford, bugu na biyu na 1989, mujalladi 20, shafi 21,730, ya karance shi tun daga farko har ƙarshe cikin shekara guda, kamar ɗalibi mai neman sauke littafi. Ya kasa nasa littafin babi-babi bisa haruffa, daga A zuwa Z. Kowane babi yakan buɗe da labarin halin da karatun ya jefa shi, ga ciwon kai, ga ido na rauni, ga shan gahawa ba ƙaƙƙautawa, sannan ya jero kalmomin da suka burge shi a ƙarƙashin wannan harafi, ya bi kowace da ɗan tsokaci na barkwanci. A nan ne mutane da yawa suka fara gamuwa da acnestis, wato wurin nan na gadon baya da dabba ba ta iya kaiwa ta sosa.

Dole a yaba wa Shea a kan abu biyu. Da idonsa ya karanta, bai kwaso daga jerin wani ba, kuma duk wanda ya san yadda irin waɗannan jeri ke kwafar juna har da kurakuransu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, bai yi wa mai karatu alkawarin ƙarya ba. Ya fito fili ya nuna cewa haddace baƙin kalmomi ba zai ɗaga darajar kowa ba, shi dai daɗinsu kawai yake ji. Wannan gaskiya ta ɗora shi sama da masu sayar da littattafan da ke cewa za su mayar da kai gwanin Turanci cikin wata guda.

Inda nake da ja da shi, da duk masu bin sawunsa, shi ne abin da ya bari a can cikin mujalladan bai kawo mana ba. A kan shaidu aka gina ƙamus ɗin Oxford. Da James Murray ya karɓi jagorancin aikin a 1879, sai ya yi kira ga masu karatu a Ingila da Amurka da sauran wurare, duk wanda ya ci karo da kalma a littafi ya rubuta ta a ƴar takarda, tare da jimlar da ta fito a ciki, da sunan marubucin, da shekarar. Miliyoyin takardu suka taru. Kashi na farko ya fito a 1884, ba a kammala ba sai 1928, bayan Murray ya rasu. Saboda haka in ka buɗe kowace kalma za ka tarar da ita da jerin masu shaidarta, daga wanda aka fara gani ya yi amfani da ita har zuwa na baya-bayan nan, kamar dai ruwaya da isnadinta. In an daina amfani da ita, sai a sa mata ƴar alama mai kama da wuƙa. In kuwa ba a taɓa kama ta a rubutun kowa ba sai a cikin wani ƙamus, nan ma akwai alamar da ke faɗin haka. Bugun 1989 yana ɗauke da kalmomi 171,476 da ake amfani da su, da 47,156 da suka mutu. Shea ya cire shaidun ya sa barkwancinsa a gurbinsu. Masu jerin waya kuwa sun cire har alamar mutuwar, sai gawa da mai rai suka zauna a tabarma ɗaya ba mai iya bambancewa.

Ɗauki apricity, wadda kusan babu jerin da ba ta ciki. Ma'anarta ɗumin rana a lokacin sanyi. Kalma ce mai daɗin ji, ba musu. To amma wa ya faɗe ta? Asalinta ƙamus ɗin wani Henry Cockeram ne na 1623, shi ya ɗauko ta daga Latin ya sa mata wutsiyar Turanci, kuma ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta fita daga shafukan ƙamus ba. Manomin Ingila da ya fito ya jingina da bango da safiyar hunturu bai san da ita ba. Mu kuwa a nan, tsoho ya shimfiɗa buzu a gindin katanga cikin watan Janairu, yaron da bai shiga lakwal ba ma zai ce maka baba na shan hantsi. Har karin magana muka yi da shi, muka ce hantsi leƙa gidan kowa. Abin mamaki, sai ka ga ɗan Hausa ya tura apricity yana jinjina wa Turanci, alhali abin da Turancin ya kasa rayawa yana nan da ransa a bakin kakarsa.

Haka gound, tsohuwar kalma tun daga Turancin dā, wadda ake kawowa da ma'anar dattin nan da ke taruwa a gefen ido in an tashi daga barci. Ta mutu tuntuni. Baturen yau in zai ambaci abin, kalmar barci yake arowa, ya ce akwai barci a idonka. Mu kuwa kwantsa muke cewa, uwa ta faɗa wa ɗanta kowace safiya ba tare da ta san ta furta wani abin al'ajabi ba. Ba ina cewa Hausa ta fi Turanci ba ne, irin wannan gasa ba ta da alƙali. Kowane harshe yana da inda ya cika da inda ya bar gurbi. Abin da nake nunawa shi ne, jerin da aka kawo don a tabbatar mana Turanci ya raɗa wa komai suna, sau da yawa gurabun da Turanci ya bari yake nunawa.

Wannan ɗabi'a ta ado da baƙin kalmomi ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba, da ita ma ƙamus ɗin Turanci ya fara. Na farkon da ya fassara Turanci da Turanci shi ne na Robert Cawdrey a 1604, kalmomi wajen 2,500, kuma masu wuya kaɗai ya tara, ba ruwansa da kalmomin gida da kasuwa. Cockeram ya zo ya ƙara gishiri. A kashi na biyu na littafinsa sai ya jera kalmomin yau da kullum, ya ajiye wa kowace takwararta mai ƙyalli, don mai son burge jama'a ya musanya. Tun ƙarni na 16 Turawan Ingila ke faɗa a kan wannan, har suka yi wa irin waɗannan kalmomi laƙabin da za mu iya cewa kalmomin kurtun tawada, wato waɗanda daga tawadar malami suka fito, ba daga bakin jama'a ba. Wasu sun rayu, wasu sun bi ruwa, kuma ba malaman ne suka yanke hukunci ba. An shigo da impede, tare wa abu hanya, an shigo da kishiyarta expede. Ta farkon tana nan a jaridun yau, ta biyun ko kabarinta ba a sani ba sai an tona ƙamus.

Akwai ma waɗanda ba su taɓa zama kalmomi ba sam. A 1934 aka fitar da bugu na biyu na babban ƙamus ɗin Webster a Amurka, a cikinsa akwai dord, da bayanin cewa a fannin kimiyya tana nufin nauyin abu gwargwadon girmansa. Abin da ya faru shi ne, masanin sinadarai da ke taimaka wa masu ƙamus ya aiko da ƴar takarda yana cewa ana taƙaita wannan ma'auni da babban harafin D ko ƙaramin d. Kalmar "ko" a Turanci ita ce or, sai aka karanta D or d a haɗe, aka ɗauka kalma ce guda, aka ba ta gurbi har da yadda ake furta ta. Shekara biyar tana zaune, sai a 1939 wani edita ya lura ba a rubuta mata asali ba, ya bi diddigi, asiri ya tonu. Masana suna kiran irinta fatalwar kalma. Lura da abin da ya kama ta: rashin asali da rashin shaida, wato daidai abubuwan da masu jeri ke yankewa su zubar.

Wata kuma da gangan aka dasa ta. Masu ƙamus ɗin New Oxford American sun ƙirƙiri esquivalience, suka ce tana nufin mutum ya zame wa aikin da aka ɗora masa da gangan. Tarko ne suka ɗana wa masu satar aiki, domin duk ƙamus ɗin da aka ga kalmar a cikinsa an san daga ina ya kwasa. Ma'anar ma habaici ce ga ɓarawon. Mujallar New Yorker ta fallasa zancen a 2005, masu ƙamus suka amsa, kuma an riga an ga kalmar ta ɓulla a wani ƙamus na intanet. Wanda duk hujjarsa ita ce "ai tana cikin ƙamus" ba shi da abin da zai kare kansa da shi daga irin wannan.

Sai dogayen nan da yara ke haddacewa don gasa. Wadda aka fi ambata, mai haruffa 45 da ta fara da pneumono, ana cewa sunan ciwon huhu ne da shaƙar ƙurar duwatsu ke kawowa. A 1935 shugaban wata ƙungiyar masu wasan kalmomi a Amurka, Everett Smith, ya ƙera ta, don kawai a samu kalmar da ta fi kowace tsawo. Ciwon gaskiya ne, yana kashe masu haƙar ma'adinai da masu fasa dutse, amma likita silicosis yake rubutawa. Ita kuwa floccinaucinihilipilification mai haruffa 29, wato ɗaukar abu a matsayin banza, wasan ƴan makaranta ce. An harhaɗa ta daga kalmomin Latin huɗu da ke jere a littafin nahawun da ake koyarwa a makarantar Eton, dukkansu masu nufin abu marar daraja. An same ta a wata wasiƙa ta 1741, kuma ɗan majalisar Birtaniya Jacob Rees-Mogg ya furta ta a zauren majalisa a 2012. Kusan duk inda ta fito, tsawonta ake nunawa. Kalmar da ba a kiranta sai don a nuna ta, ta zama kamar takobin ado da ke rataye a bango, ba a taɓa yanka ko albasa da shi ba.

Mu da muka fara da Faransanci kafin Turanci muna da wata fa'ida a nan, domin muna ganin abin da mai Turanci zalla ba ya gani: baƙuncin kalma a kunnen mai ji yake. Jerin nan cike suke da quotidian, abin kullum, da hebdomadal, abin mako-mako, da crepuscular, abin da ya shafi almuru. Ba'amurke zai ji su kamar daga wata duniya. Amma wanda ya taɓa riƙe jaridar Le Sahel ya san quotidien ce, ya san Sahel Dimanche hebdomadaire ce, kuma crépuscule tun a aji na firamare ya gamu da ita. Haka defenestration, jefo mutum ta taga, wadda ta samo suna daga abin da ya faru a Prag a 1618, ranar da aka wurgo wakilan sarki biyu da magatakardansu ta tagar fada, rikicin da ya buɗe yaƙin shekara talatin a Turai. Duk wanda ya san fenêtre ya riga ya ji rabin ma'anar. Dalili kuwa sananne ne. Tun da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da shari'a, Latin kuma na coci da makaranta, sai Turanci ya tashi da hawa biyu: kalmomin talaka a ƙasa, na aro a sama. Yawancin abin da ake kira baƙin kalmomi daga benen nan na sama aka sauko da su. Abin da ke rawani a Landan, a Maraɗi hular yau da kullum ce.

To wace baƙuwar kalma ce ta cancanci a tsaya mata? Wadda ta zo ta tarar da aiki yana jiranta. Serendipity mutum ɗaya ne ya ƙera ta, Horace Walpole, a wasiƙar da ya rubuta wa abokinsa Horace Mann a 1754. Ya ɗauko ta daga tatsuniyar wasu ƴaƴan sarki uku na Serendip, tsibirin da Larabawa ke kira Sarandib, wato Siri Lanka ta yau. Abin da yake nufi shi ne mutum ya gano abin da bai fita nema ba, ta hanyar dace haɗe da basira. Ta daɗe kwance kamar apricity, har sai da masu binciken kimiyya na ƙarni na 20 suka ga suna buƙatar sunan abin da ke yawan faruwa da su, irin yadda Alexander Fleming ya gano penisilin a 1928 daga wani faranti da ya yi fumfuna. Yau ba mai kiranta baƙuwa. Sai dai ko a nan jerin layi ɗaya na yin ɓarna, domin yakan fassara ta da sa'a kawai, ya jefar da basirar. Faranti mai fumfuna ya sha faɗowa hannun mutane suna wankewa. Tarihin kalmar ne ke riƙe da wannan rabin ma'ana, kuma sai a cikakken ƙamus ake samunsa.

Petrichor ma haka. Masu bincike biyu a Ostareliya, Isabel Bear da Richard Thomas, su suka ƙirƙire ta a 1964 cikin mujallar kimiyya ta Nature, daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya dutse, ɗaya ruwan da tatsuniyoyinsu ke cewa yana gudana a jijiyoyin alloli. Suna nazarin wani mai ne da ke taruwa a ƙasa da duwatsu lokacin fari, wanda ke tashi cikin iska in danshi ya sauka. Suna buƙatar suna don su yi rubutu a kansa, sai suka yi. Daga baya jama'a suka karɓe ta saboda kowa ya san ƙamshin nan na ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, balle mu da ke jiransa wata bakwai ko takwas. Wannan kalma tana da uwa da uba, da ranar haihuwa, da dalilin zuwanta, kuma ana aiki da ita. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Akwai darasi na ƙarshe da kalmominmu da suka shiga Turanci ke koyarwa. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya karɓi kalmomin Turancin Najeriya 29, cikinsu har da Kannywood, daga baya kuma suya ta bi sahu, da ma'anar naman da aka tsire aka barbaɗa wa yaji aka gasa. Bahaushe zai yi murmushi, don a wurinsa suya aikin soyawa ne, da mai da kasko, wancan kuwa tsire ne, kuma gasa shi ake yi a gefen wuta. Shin Oxford ya yi kuskure? A'a. Ya rubuta abin da masu Turanci a Legas da Landan ke nufi in sun ce suya, aikinsa ke nan. Ƙamus magatakarda ne, abin da bakuna suka faɗa yake rubutawa. Ga Baturen da bai taɓa zuwa Afirka ba, suya na iya shiga jerin baƙin kalmomi gobe, ya haddace ta da ma'anarta ta layi ɗaya, bai san akwai kasko a bayanta ba. Yadda za mu ga gajartar saninsa, haka namu yake game da apricity in mun tsaya a layi ɗaya.

Abin da ya sa na damu da wannan har na yi dogon bayani, ina ganin illarsa a rubutun matasanmu ta fuska biyu. Mai koyon Turanci yakan kwashi matattun kalmomi ya zuba a takardar neman aiki ko ta jarrabawa, yana zaton ado ne, mai karantawa kuwa ya ga wanda ya sa rigar kakan kakansa ya shiga kasuwa. Mai rubutun Hausa kuma yakan karaya, ya ɗauka harshensa matalauci ne, har ya riƙa cusa aro inda kalmar gida ke zaune tana jira. Duka biyun daga rashin karanta ƙamus yadda aka rubuta shi suke tasowa.

Ba na cewa a daina farautar. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma kalmar da ta mutu tana iya farfaɗowa in mutane suka same ta da amfani. Ita kanta apricity ta fara samun masu furta ta a ƴan shekarun nan, in ta ɗore, masu ƙamus za su ƙara mata sabbin shaidu. Littafin Shea ma ina ba da shawarar a karanta shi, don yana sa mutum son ƙamus, ko da yake ya tsaya a bakin ƙofa. Roƙona kawai, in an turo maka baƙuwar kalma, kada ka tsaya a ma'anar. Gangara ƙasa ka ga wa ya fara faɗinta, a wace shekara, yaushe aka ji ta a ƙarshe, kuma ko akwai ƴar wuƙar nan a gabanta. Daga nan sai ka juya ka tambayi wata tsohuwa a gidanku yadda ake kiran abin da Hausa, ka rubuta amsar tare da sunan garin da shekarar. Da irin waɗannan ƴan takardu aka gina mujalladi 20 ɗin da Shea ya karanta.